Yadda Na Kai Guntun Bango Damagaram

Tun ranar da na sauka a tashar Bodinga da ƙullin kayana, 'yan majalisarmu ta bakin kasuwa ba su bar ni na sha ruwa da daɗi ba. Wannan ya ce, "Umaru, wai gaskiya ta burodinsu ya kai tsawon sanda?" Wancan ya ce, "Wai jandarma sun kama ka da ƙasa cikin tsumma?" Na ba da labarin nan har bakina ya gaji, kuma duk wanda na ba sai ya je ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai kwana uku na yi a ɗaure a Ƙonni. To yanzu da damina ta wuce, an kai amfanin gona gida, na ce bari in zauna in rubuta shi da hannuna, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ni birkila ne, kuma ba yabon kai ba, daga Bodinga har Shagari in ana lissafin masu ɗora bulo ya miƙe, ba a kai uku ba a ambace ni ba. Asalinmu mutanen Mandera ne. Kakana na wajen uba, Garba, maginin ƙasa ne. Shi ya gina zauren gidanmu na Mandera, mai ɗaurin guga, wato bakuna biyu da suka gitta juna suka ɗauki rufi ba ginshiƙi a tsakiya. Bai daɗe da gama shi ba yunwa ta faɗa wa ƙasar, ya bi ayari gabas neman abin ciyar da iyali. Ya bar mata da 'ya'ya biyu, mahaifina da ƙanwarsa Hajo, wadda ba a jima da yaye ta ba. Ya yi ta aiko saƙo wasu shekaru, daga baya shiru. Abin da ya iso kunnenmu kawai shi ne ya zama babban magini a birnin Damagaram zamanin Nasara, can kuma ya rasu. Mahaifina ya riga mu gidan gaskiya. Saura Gwaggo Hajo, ta haura saba'in, tana nan a gidan.

Shekarar da aka koma mulkin farar hula aiki ya yi mana yawa har muna gudunsa, siminti kuwa ko'ina ka juya ga shi. Wani ɗan siyasa da na yi wa katanga ya bar mini ragowar buhuna, na ce yau zan yi wa zauren kakana gata. Na je Mandera na shafe shi ciki da waje har rufi, sumul kamar ofishin gwamnati, don a huta da yaɓen da ake yi masa kowace shekara. Kowa ya yaba. Gwaggo kaɗai ta shigo, ta ɗaga kai ta dubi saman ƙofa ta ciki, ta juya ta koma ɗakinta. Na ce a raina rigimar tsufa ce.

Sai duniya ta juya. Aka ce a tsuke bakin aljihu, kwangila ta tsaya, siminti ya ɓace, sabulu ma sai an bi layi. Ana cikin haka, farkon bazarar bana, aka aiko mini cewa zaure ya tsage. Na je na gani da idona: tsaga ce tun daga gindin baka ɗaya har kusa da tsakiyar rufi, hannu yana shiga. Yayana Alhaji Bello, wanda shi ne babban gidan yanzu, ya tara mu.

Ya ce, "Ni dai ba ni yarda shi hwaɗo bisa mutane. Kahin ruwan hwari a kada shi, a kahwa rumhwa ta kwano. Ƙasa ta, ta yi zamaninta."

Gwaggo tana tsaye daga ƙofar cikin gida. Ta ce, "Bello, ni ban san huskar ubana ba. Wanga zaure shi nis sani. Ranar da za ku kada shi, ku hwaɗa min in shigo in zamna ciki."

Alhaji ba mugu ba ne, tsoro yake ji, kuma yana da gaskiyarsa. Na roƙi a ba ni lokaci. A lissafina akwai wani sirrin ɗaurin baka da kakana ya tafi da shi, in akwai wanda ya koyi aiki a hannunsa a Damagaram zan nemo shi, in ya nuna mini sau ɗaya ya isa, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Alhaji ya yarda, amma ya ce ranar da hadari ya fara haɗuwa ban gyara ba, shi da kansa zai ɗauki diga.

Da safen da zan tafi Gwaggo ta kira ni ta miƙo mini wani ƙulli mai nauyi. Na kwance, sai ga guntun bango da ya ɓalle daga bakin tsagar.

Na ce, "Gwaggo, mi za ni yi da wanga? Ni da nika gini, na iya hwaɗa musu da baki."

Ta ce, "In za a wurin mai magani, da marar lahiya aka tahiya. Tunda ba ka iya ɗaukar zaure, ɗauki wanga." Na sa shi a jaka don kada in ɓata mata rai. Har na kai ƙofa ta ƙara da cewa, "In ka samu wanda yas san shi, ka tambaya min ko ya taɓa ambatonmu."

Abokin tafiyata Sani ne, taubashina, ɗan Horo Birni, falken albasa. Na ɗauke shi ne saboda ya rantse mini ya san Illela kamar tafin hannunsa, kuma yana jin Faransanci. Rabin maganar gaskiya ce. Muka hau akori-kura daga Shagari, muka sake mota a Sakkwato. Ba mu wuce Gwadabawa da nisa ba taya ta fashe, direba kuwa ba shi da ta canji, ya ce a wannan zamani wanda ke da taya huɗu ma alhaji ne. Muka zauna gindin bedi, wato dogonyaro, ana faci, Sani yana gaya wa fasinjoji wai su yi mini hankali, babban injiniya ne ni, zan je ƙasar waje ganin likitan bango.

Wannan tsaikon shi ya sa muka isa Birnin Ƙonni rana ta take, muka tarar da ofishin kan iyaka a rufe. Ashe al'adarsu ce, in sha biyu ta buga ma'aikata su kulle su tafi gida su ci abinci su yi barci, sai rana ta karkata su dawo. Kuma doka ce, ba lalaci ba. Na yi ta mita, amma da na zauna na yi tunani sai na ga sun fi mu gaskiya. Mu namu ba ya rufe ofis, sai dai ya rataye rigarsa a kujera a yi ta ce maka ya zaga.

Da aka buɗe, jandarman da muka samu fuskarsa a murtuke take. A lokacin ba a daɗe da sallamo baƙi daga ƙasarmu ba, mutanensu da yawa sun dawo gida ba shiri, saboda haka ban ga laifinsa ba. Sani ya matsa gaba ya cire hula ya ce, "Banjur mushe." Iyakar Faransancin ke nan. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa ya ce da Hausa tsantsa irin ta Adar, "Aje jikka, buɗe." Ya duba takardunmu, ya zazzage kayanmu, har ya kai ga ƙullin Gwaggo. Ya kwance, ya juya shi, ya ƙwanƙwasa.

"Mi a wanga?"

Na ce, "Bango na, ranka shi daɗe."

"Bango? Ina sauran ɗakin?"

Na soma bayani, ya ce in dakata, ya kira babbansu, wani dattijo mai furfura a gashin baki. Shi ya saurare ni tun daga kakana har Gwaggo. Da na gama ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Mun ga masu hitowa da mai, mun ga masu atamhwa, yau ga mai hitowa da ƙasarku guntu-guntu. Ku tahi, Allah shi ba marar lahiya sauƙi." Abin da ya faru ke nan duka. Ko sa'a ɗaya ba mu yi ba, balle kwana uku.

Daga Ƙonni muka shiga babbar mota mai zuwa gabas. Hanyarsu siririya ce amma ba ramuka. Abin da ya dame ni shi ne shinge: kowane gari sai kowa ya sauka, a karɓe takardu, a riƙa kiran suna ɗaya-ɗaya kamar 'yan makaranta, kuma ba mai gardama. A gida da an yi haka sau biyu wani zai ce a san ko shi wane ne.

A Galmi na rama abin da Sani ya yi mini. Tun da muka taso yake cika baki cewa duk duniya babu albasa sai ta fadamarsu. Da mota ta tsaya muka ga buhuna jere har inda ido ya tsaya, kowanne an ɗinka masa hular kaba, albasa ja jawur, guda ta cika hannu. Sani ya sauka ya ɗauki ɗaya ya shinshina, ya latsa, ya ajiye, ya dawo ya zauna. Na ce, "Gaba da gabanta, falke." Ya ce wai ruwa ya yi mata yawa, ba za ta yi ajiya ba. Da muka tashi na ga ya ƙulle irin albasar a bakin rigarsa.

Burodin da kuke tambaya, i, gaskiya ne. Dogo ne siriri, ana saƙale shi a hammata, bayansa da tauri cikinsa fanko. Na ci rabi na ji dasashina yana zafi, na koma ga fura. Furar Maraɗi kuwa, inda muka kwana gidan wani abokin cinikin Sani, ba ni da abin cewa a kanta sai alheri. Washegari wata mata 'yar Tasawa da ke kusa da ni a mota ta ji labarin zauren, ta buɗe takarda ta ba ni kilishi, ta ce in ci, mai zuwa neman kakansa ba ya tafiya da yunwa.

Damagaram gari ne na manyan duwatsu da ƙarancin ruwa. Mun sauka a unguwar Zango wurin wani dattijo mutumin ƙasarmu mai sayar da goro. Nan Sani ya sake jawo mana abin magana. An ajiye tulu a tsakar gida, shi kuwa ya ɗauka irin na gida ne da rijiya ke bayan ɗaki, ya kwashe shi ya yi wanka har da wanke riga. Ashe ruwan yini ne na gidan duka, tun asuba aka bi layi aka samo shi. Uwargidan ba ta yi faɗa ba, daga bayan zana kawai muka ji ta ce, "Baƙin namu daga cikin gulbi suka fito?" Daga ranar buta ɗaya muke rabawa, kuma na gane mutum yana iya tsarkaka da abin da a gida muke zubarwa wajen kurkure kwano. Ni ma ban tsira ba. An ba ni shayi a ɗan ƙaramin gilashi, ɗaci kamar maɗaci, na kurɓe na yi godiya na miƙe. Mai masaukinmu ya jawo rigata ya ce shayin nan zagaye uku ne, wanda ya sha na fari ya tashi ya raina mai dafawa.

Kwana biyu muna yawo muna tambayar Garba magini. Garba kuwa a garin nan sun fi a ƙirga. A rana ta uku wani tsohon baduku a bakin kasuwa ya ɗago kai ya ce, "Ko Basakkwace kuke nufi, Mai Igiya?" Na ce ai shi ne. Ya ce mu shiga Birni, tsohuwar unguwar garin, mu nemi Malam Isufu, shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka ɗauki ƙasa a gabansa.

Mun same shi zaune a ƙofar gidansa, dogon tsoho, idonsa ya yi rauni sosai. Na durƙusa na gaishe shi, ya ce, "Ƙaƙa hanya?" Da na faɗi ko ni jikan wane ne, sai ya kama hannuna ya shafa tafin, ya ji kantar aiki, ya ce, "To, jinin bai ɓata ba." Ya ɗauki sandarsa ya ce mu tashi, labarin maigidansa ba a zaune ake ba da shi ba.

Yini guda muka yi muna bin lunguna, yana tafe yana dafa bango yana gaya mana. Ya ce kakana da ya zo garin lebura ne, yana kwaɓa ƙasa don a ba shi abinci. Wata rana ana ɗaure baka a gidan wani attajiri, ya ce wa mai aikin azarar nan ta uku ta yi tsawo, za ta ja bakan gefe. Aka kore shi don rashin kunya. Bayan kwana biyu baka ya karkace, attajirin ya sa aka nemo shi. Daga nan sai gaba. A lokacin garin shi ne mazaunin gwamnatin Nasara, ana ta gine-gine, kumandan, babban Baturen garin, ya ji labarinsa ya ɗauke shi. Akwai Bature mai zane a takarda, amma in ya gama zanensa sai an kira Garba. Shi bai san takarda ba. Igiya gare shi mai ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli kamu ɗaya na hannunsa. Sai ya zaga fili, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya zana gidan duka a ƙasa da tsinin sanda, ɗaki da zaure da inda iska za ta bi da inda indararo zai zubar, sannan ya ce wa mai gida ya shiga ya zaga cikin zanen ya gani ko ya yi masa. Ofisoshi, gidajen manya, rumfunan kasuwa, manyan zaurukan Birni, da yawa da igiyar nan aka auna su. Da gwamnati ta tashi ta koma Yamai aka so a tafi da shi, ya ƙi, ya ci gaba da yi wa mutanen gari gini har ƙarfinsa ya ƙare.

Muka shiga wani zaure da ya fi namu sau uku, bakuna sun hau sun haɗu can sama. Na tsaya na saki baki. Ni da nake ji da kaina, ban taɓa rufe fili mai faɗin nan ba sai da rodi da kankare. Na ji alfahari har idona ya kawo ruwa.

Malam Isufu ya ce maigidansa yana da doka ɗaya. Kafin ya kafa turke sai ya tambayi mai gida, "Wa zai yi yaɓe?" In mutum bai iya faɗin wanda zai riƙa yaɓe ginin kowace shekara ba, ɗa ko ƙane ko 'yan unguwa, sai ya naɗe igiyarsa ya tafi. Ya taɓa yi wa wani babban attajiri haka a gaban jama'a. Na ji wannan magana ta ɗan sosa ni, amma na basar.

Da muka koma ƙofar gidansa na kawo abin da ke tafe da ni, na ce ya buɗe mini sirrin ɗaurin baka. Ya yi dariya ya ce babu wani sirri. Ya sa aka kawo karare, ya jera su a ƙasa ya nuna mini yadda ake ɗora azara kan azara, kowace ta ɗan leƙo gaba, a ɗaure, a cika da ƙasa, a jira ta bushe sannan a ƙara. Duk na san rabinsa. Sannan ya ce, "Amma bakan maigida ba ya tsagewa haka kawai. Ruwa ba ya tsami banza. Me aka yi masa?"

Na ce ai tsufa ne, ya haura shekara saba'in. Ban yi niyyar fito da ƙullin ba, wanzami ba ya son jarfa. Sani ne ya sa hannu a jakata ya ciro shi ya ajiye a cinyar tsohon, ya ce, "Baba, ga marar lahiyar nan mun taho da shi."

Malam Isufu ya kwance tsumman. Ya shafa gefe ɗaya, ƙasa ta marmashe a yatsunsa. Ya juya ɗaya gefen, ya ƙwanƙwasa da farce. Ya kai hanci ya shinshina. Fuskarsa ta canza.

"Wane maƙiyin ne ya yi wannan?"

Sani ya ɗaga kai yana kallon sama kamar mai neman wata. Da a majalisarmu ce da na ce wani lebura ne. Amma mutumin nan ya yini yana jan ƙafa saboda kakana. Na ce, "Ni na, Baba. Gata nis so in yi mai."

Ya ce, "Ɗana, ka sa wa tsoho rigar roba cikin bazara." Ya bayyana mini a hankali. Ginin ƙasa yana shan ruwa yana fitarwa, kamar tulu. Siminti ba ya tafiya tare da ƙasa, rana ta buge shi ya yi 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani, ruwa ya shiga ta nan ya rasa hanyar fita, ya kwanta a kan azara damina bayan damina har ta ruɓe. Ya ce in ruwan bana bai riga ni ba, zaure zai tashi: a tokare bakan da itace, a ɓamɓare simintin duka kada a bar ko tafin hannu, a cire ruɓaɓɓiyar azara a sa sabuwa ta giginya, a cika da ƙasar da ta kwana da ciyawa, a yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, amma tare da ita na ji sanyi, domin duk abin da ya lissafa babu wanda sai an bi layi a Sakkwato.

Har mun yi sallama na tuna da saƙon Gwaggo. Na ce, "Baba, ɗiyatai tana nan da rai. Ta ce in tambaya ko ya taɓa ambatonsu."

Ya ce, "Hajo?" Ni kuwa ban faɗi sunanta ba.

Ya ja ni cikin zaurensa, wanda shi ma kakana ya gina, ya ce in juya in ɗaga kai in dubi saman ƙofa ta ciki. Sai ga siffar ɗan ƙaramin hannu, yatsu biyar, an fitar da ita a jikin yaɓe. Ya ce duk ginin da muka shiga yau akwai shi, ban lura ba ne, har gidan kumandan. Masu aiki suna kiransa hannun Hajo, in an yi shi an gama gini ke nan. Ya ce maigidansa ya gaya musu na gaskiyar yana Mandera: ranar da ya gama zaurensa ya ɗaga 'yarsa ya danna hannunta a ɗanyen yaɓe. Na tambaya me ya hana shi komawa. Ya ce, "Ba zan yi masa ƙarya ba. Da fari Nasara ya hana shi. Daga baya shekaru suka yi yawa, kunya ta hana shi. Kowace kaka sai ya ce bana za shi."

Nan take na tuna. Ranar da nake shafe zaurenmu na ga wani ɗan loɓawa a saman ƙofa, hayaƙi ya baƙanta shi. Na ɗauka aibi ne, na cika cokalin gini da siminti na toshe shi, har ina jin daɗin yadda wurin ya yi sumul.

Malam Isufu ya ba ni igiyar, ya ce ba ta da amfani ga wanda ido ya bari. Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai inda aka tsayar da mu. A Ƙonni dattijon nan ya gane ni, ya leƙa jaka ya ce, "Ka tahi da bango ka komo da igiya. Baɗi kila ka zo da ƙohwa." Muna barin Sakkwato na ga gabas ta soma yin duhu-duhu. Na iso Mandera da la'asar na tarar Alhaji ya jingine diga a bakin zaure. Na tara gidan na faɗi gaskiya a gaban kowa, cewa ba aikin kaka ne ya gaza ba, nawa ne ya cuce shi. Alhaji ya dube ni ya ce, "Yau kuma Umaru da bakinai?" Ya miƙo mini digar, ya ce tunda ni na sa ni zan cire.

Zaure dai yana nan, duk wanda ya bi ta Mandera ya gani. Aka yi gayya, mata suka jiƙa makuba, Sani ya samo azara daga Horo Birni, muka gama ana saura kwana biyu ruwan fari ya sauka. Damina ta wuce a kansa ko ɗigo babu, kuma na faɗa a gaban Alhaji cewa yaɓen kowace shekara a wuyana yake muddin ina numfashi. Wannan duk kun sha ji. Abin da ban taɓa faɗa a majalisa ba shi ne abin da ya faru safiyar da na fara aikin.

Da saman ƙofa na fara. Na ajiye diga na ɗauki ɗan kurfi, ƙarfen sassaƙa, na bi gefe-gefe a hankali, ina fatan in tarar da hannun yadda yake. Ban same shi ba. Ƙasar wurin ta jiƙe ta lalace, da simintin ya ɓalle sai ta zube. Na sauko da ɓallin a hannuna. Da na juya bayansa na kakkaɓe, sai ga shi: simintin da na cusa ya bi ramin ya ɗauki siffarsa, ɗan hannu ya fito tudu, yatsu biyar, har da ɗan yatsan ƙarshe da ya karkace.

Na aika aka kira Gwaggo. Ta zauna a kan turmi, na durƙusa na ɗora mata shi a cinya. Ta daɗe tana shafa shi. Ta ɗora nata hannun a kai, ɗan yatsanta na ƙarshe a karkace yake har yau. Na ce, "Gwaggo, ki gahwarce ni, ban sani ba." Ta ce ita ma ba ta tuna ranar ba, innarta ce ta riƙa ɗaga ta tana nuna mata. Sai na gaya mata abin da na gani, cewa duk ginin da ubanta ya yi a Damagaram, manya da ƙanana, ba ya cewa an gama sai ya sa hannunta a saman ƙofa, kuma da sunanta ake kiransa har yau.

Gwaggo, wadda iyakar tafiyarta a duniya kasuwar Shagari, ta ɗago kai ta dube ni.

"Har gidan Nasara?"

"Har gidan Nasara, Gwaggo."

Ta goge ido da bakin zane, ta sake duban ɗan hannun, ta ce, "Ashe na yi yawo ban sani ba."